Kafaɗar Malam Ya'u

Injin casar shinkafa na Alhaji Sharhabilu, wanda ke Wudil, bakin hanyar Indabo, ya tsiri wata muguwar ɗabi'a a kakar bana. Yana cikin gudu lafiya lau sai ya yi tsit. Ba hayaƙi, ba ƙauri, ba komai. A danna maɓalli ya tashi kamar ba shi ba, can an jima kuma ya sake. Masu gyara sun zo sun tafi. Kowa ya ɗora mitarsa ya ga wuta cif-cif, don ɗan banzan injin da ya ga baƙo sai ya nutsu.

Mutum biyu ke tuƙa shi, yau wannan gobe wancan: Ja'afar, magidanci mai jini a jika, da Malam Ya'u, wanda tun ranar da aka kafa injin yake tare da shi. To, abin haushin, bai taɓa mutuwa a hannun Ja'afar ba. Sai ranar Malam Ya'u. Mata masu turara shinkafa suka fara ƙorafi, wasu suka kwashe buhunansu suka nufi Sabon Gari. Alhaji ba mugu ba ne, amma ya gaji. Ya kira tsohon gefe ya ce, "Malam Ya'u, girma ya zo. In watan nan ya ƙare, ka huta haka nan."

Khairiyya, 'yar Malam Ya'u, a bakin mahaifiyarta Rabi ta ji labarin. Injiniyar lantarki ce a wata masana'anta a Kano. Rabi ta ce mata a waya, "Babanki fa tuwo ma sai ya tsakura ya ture. Ba ya magana, sai kallon hannuwansa." Ranta ya ɓaci ƙwarai. Ta nemi izini a wurin aiki, ta aro wata na'ura, ta hau motar Wudil.

Ta same shi a bakin injin, gira da gemu duk sun yi fari da dusa. Sunan mahaifiyarsa ta ci, don haka bai taɓa kiran sunanta ba.

"A'a, Uwata! Me ya kawo ki cikin ƙaiƙayi?"

Ta durƙusa ta gaishe shi. Ya tambayi hanya, ya tambayi aiki, ya tambayi mutanen Kano kaf kamar shi ya ba ta ajiyarsu. Da gaisuwa ta ƙare sai ya rage murya.

"Kada ki wahalar da kanki. Ina jin ni ne. Wataƙila hannuna ke danna wani abu ban sani ba. Mutum in ya tsufa, ai ba ya sanin lokacin da kansa ya fara kwancewa."

Wannan maganar ta fi korar ciwo a wurin Khairiyya. Mutumin da ke gane bel ɗin inji ya saki daga jin sauti kawai, yau shi ke zargin hankalinsa! Ta ce, "Baba, bari mu tambayi injin da kansa."

Bayan kwana biyu ranar aikinsa ta sake zagayowa. Da izinin Alhaji ta kashe wuta, ta buɗe akwatin ƙarfen da wayoyin injin suke ciki. Ta maƙala na'urar a manyan wayoyi uku da ke shigo da wuta, sannan ta haɗa ta da wata siririyar waya, wadda ita ke riƙe da makunnin injin. In wuta ta yanke a siririyar nan ko na ƙiftawar ido, makunnin zai saki, inji ya mutu.

Malam Ya'u ya leƙo. "Wannan da mitar masu gyara, meye bambancinsu?"

"Mita leƙowa take ta wuce, Baba. Wannan kuwa zama take ta zuba ido. Duk motsin da wuta ta yi tana zana shi, kuma da abu ya faru za ta adana hotonsa."

Aka kunna. Layuka suka bayyana a fuskar na'urar, suna hawa suna sauka a jere. Tsohon ya yi murmushi, na farko tun zuwanta.

"Ikon Allah. Kamar gonar da aka yi wa huɗa."

Har hantsi ya dubi ludayi injin bai yi tari ba. Khairiyya ta fita shan ruwa bayan azahar, tana ɗaga kofi kenan sai ta ji tsit. Da gudu ta dawo. Hoton na nan. Kunyoyin manyan wayoyi uku sumul, ba wadda ta karkace, wato wutar da ke shigowa ba ta da laifi. Amma na siririyar wayar sun yi wata 'yar karkarwa, suka yanke, suka dawo, duk cikin abin da bai kai ƙiftawa ba.

"Baba, zo ka gani. Yatsa in ya danna maɓalli, yankewar tana fita tas, kuma tana daɗewa. Wannan kuwa rawa ta yi. Ba yatsan mutum ba ne. Waya ce ta saki a wani wuri."

"Ba ni ba ne?"

"Wallahi ba ka danna komai ba."

Ya juya ya shiga gyara bakin wani buhu da ba abin da ya same shi. Ta ƙyale shi.

Sai dai abu ɗaya ya hana ta sakat. Waya ba ta san Ya'u ba, ba ta san Ja'afar ba. Me ya sa take zaɓar rana? Maimakon ta buɗe akwatin, sai ta ce a ci gaba da aiki. Ta samu buhu ta zauna a lungu. Ta daina kallon na'ura, ta koma kallon babanta.

Yana ta kai da kawo. Ya zuba shinkafa shanshera, ya tara tafi ya duba wadda ke fitowa, ya ja buhu gefe. Can da rana ta ƙwalle, ya sunkuya ya ɗago, sai ta ga ya tsaya cak. Ya lumshe ido. Ƙafarsa ta ɗan yi lilo. A hankali, kamar mai gudun kada a gan shi, ya matsa ya jingina kafaɗarsa a jikin akwatin wutar.

Tsit.

Ya buɗe ido a firgice yana waige-waige, yana neman abin da ya yi. Bawan Allah, ko kusa bai haɗa jinginarsa da mutuwar injin ba.

Khairiyya ta tashi ta je wurin. A gefen akwatin, daidai tsayin kafaɗarsa, fenti ya goge, ƙarfen har ƙyalli yake. Wannan ba gogewar mako ɗaya ba ce. Ta duba na'urar. Da safe ba ko ɗaya, amma daga azahar zuwa yanzu ga hoto har biyu. Idanunta suka ciko.

Ta kashe wuta ta buɗe. Ga shi nan kuwa, a bayan wannan wurin, wani ɗan sukuru ya kwance, wayar tana reto a bakinsa. In aka danna ƙarfen daga waje, sai ya lanƙwasa ya ture ta. Ta sa sukundireba ta ɗaure shi tam, ta bi sauran duk ta ɗaure. Aka kunna. Ta jingina da akwatin, ta banke shi da kafaɗa, ta sake bankewa. Injin ko gezau.

Alhaji Sharhabilu ya shigo ana cikin haka. Ta gaishe shi, ta nuna masa hoton, ta nuna masa sukurun.

"Madalla, injiniya. Amma me ya sa sai ranar Malam Ya'u?"

Idonta ya sauka a gefen akwatin. Ba za ta yi ƙarya ba, ba kuma za ta tona babanta ba. Alhaji ya bi inda idonta ya faɗa, ya ga gogaggen fentin, ya dubi kafaɗar rigar tsohon. Shi ma Malam Ya'u wurin yake kallo, ya gane.

"Subhanallahi," in ji Alhaji a hankali. "Malam Ya'u, ka yafe ni. Maganar ƙarshen wata na janye ta. Injinka ne. Amma sai likita ya gan ka tukuna, kuma kujera za a ajiye maka a nan, Ja'afar ya riƙa ɗaga buhu."

Da suka rage su biyu, tana naɗe wayoyinta, ba ta ɗago ba ta ce, "Tun yaushe, Baba?"

"Ɗan jiri ne kawai. Yana zuwa ya wuce."

"Tun yaushe?"

"Tun damina."

"Inna ta sani?"

Ya girgiza kai.

Nan fa kukan da take dannewa ya ƙwace. "Haba Baba! Haba! A duk garin nan injin nan kaɗai ya san ba ka da lafiya. Shi yake ta faɗa, mu muna zaginsa. Ga shi yanzu na rufe masa baki da hannuna. In jirin ya sake zuwa, wa zai gaya mana?"

Ya miƙa mata gefen rawaninsa ta share ido, ya manta duk dusa ce, fuskarta ta yi fari fat. Ya yi dariya, ita ma ta yi, hawaye na zuba.

"Daga yau kai za ka riƙa faɗa da bakinka," ta ce. "Ba kai ka ce ni uwarka ce ba? To na ba da umarni."

"Na ji, Uwata."

Bayan la'asar suka kama hanyar gida, ita da jakar na'ura, shi yana gaba kaɗan kamar kullum. Sun wuce masu shanyar shinkafa, sun kusa kwanar unguwarsu, sai ta ga tafiyarsa ta ragu. Ya dubi katangar da ke gefen hanya, har ya fara karkata wajenta. Sai ya fasa.

"Uwata."

"Na'am, Baba."

"Ya zo."

Ta ajiye jakar a ƙasa, ta matso ta tsaya daf da shi. Ya ɗora mata nauyinsa, suka tsaya nan bakin hanya har jirin ya wuce.