Lallen Gwaggo Mairo

Duk ƙauyen Karare an san Gwaggo Mairo ba a musu da ita. Ranar sunan ɗan Hussaina ta kama hannun ƙanwar mai jego, Bara'atu, ta ce, “Yayarki ta haihu ki fito da hannu fari fat kamar mai takaba? Miƙo nan!”

Ta ɗaure mata lalle har kan yatsu. Babban yatsan hagu kaɗai ya tsira, don da safiyar nan kunama ta harbe shi a cikin tulin gyaɗa, ya kumbura sumtum.

To, ga inda gizo ke saƙar. Wata babbar jami'a ta ware gurabe na likitanci don 'ya'yan manoman Batsari da Safana, Bara'atu kuma ta yi rajista tun bara, an ɗauki hoton yatsunta goma. Sati na zagayowa aka kira jarrabawar a Batsari. Sai na'ura ta gane yatsanka za ka shiga.

Gwaggo ce ta rako ta a kan babur, tana ta yi wa mai babur faɗa.

A bakin ƙofa Bara'atu ta ɗora yatsan dama. Na'ura ta yi ja. Ta goge, ta sake. Ja.

“Lalle ya rufe zanen,” in ji Malam Tayyib, jami'in da ke tantancewa. “'Yata, in ba ta gane ki ba, wallahi ba ni da ikon shigar da ke.”

Bara'atu ta dubi yatsunta. Shekara guda tana karatu da fitilar waya, yau lalle zai kore ta! Gwaggo kuwa, mai bakin nan, ta cafko hannun yarinyar. Ta kama gefen mayafi tana dirzar yatsun, hawaye na zuba.

“Ni na cuce ki, 'yar nan.”

Malam Tayyib ya ce, “Wancan hannun da kike ɓoyewa fa?”

Kunya take ji, yatsa ɗaya fari cikin jajaye. Ta fito da shi, ta ɗora.

Kore!

“Bara'atu Barau, shiga, kujerarki na can.”

Gwaggo ta zube a kan benci, ta sauke wata doguwar ajiyar zuciya, tana dariya tana share ido.

“Alhamdu lillahi! Ke, kunamar nan, an kashe ta?”

“Ke kika kashe ta, Gwaggo, da takalmi.”

“Wayyo, baiwar Allah! Na cuce ta ita ma.”