Bakan Anti Naomi

Wata bakwai Fauziyya ta yi tana harbi da bakan haya a wani kulob da ke Madinat Nasr kafin ta samu nata. Anti Naomi ce ta sayar mata, matar wani ma'aikacin ofishin jakadanci a Zamalek da aka yi wa sauyin wurin aiki. Baka ne irin na gasa, shuɗi, mai rassa biyu da ake kwancewa, ga takardar garanti a jakarsa, da sauran fiye da shekara kafin ta ƙare.

Sati biyu ta yi tana jin daɗinsa. Sai ta fara jin wani ɗan sauti, ƙis, duk sanda ta ja tsirkiya zuwa haɓarta. Ranar Alhamis da hantsi ta ɗauki takardar ta nufi shagon da hatiminsa ke jiki, don a mayar da garantin sunanta kafin ta kawo bakan a duba. Shi kuwa bakan ta bar wa Fiddausi, abokiyar ɗakinta a Hay el-Sabi', wadda ta kwana uku tana roƙon aro.

Mai shagon wani dattijo ne Bahaushen Sudan, Malam Zainulabideen. Ya sa tabarau ya karanta, ya girgiza kai.

"Ma'alish, yi haƙuri, 'yata. Wannan ta mai saye na farko ce kawai. Da ya canza hannu, khalas, ta mutu. Me ya sami bakan?"

Ta kwatanta masa sautin. Ya cire tabarau a hankali.

"An taɓa sakin tsirkiyarsa ba kibiya?"

Ta tuna ranar da ta sayi bakan. A falon Anti Naomi, mijinta ya ja bakan yana dariya, ya saki fayau sau biyu don Fauziyya ta ji ƙarfinsa.

"Sau biyu na gani, Baba."

"Wanda kika gani ke nan. Reshen ne ya tsage ta ciki. Irin wannan ba ya sallama, a fuskar mai ja yake fashewa. Kada kowa ya sake ɗana shi. Yana ina?"

Ta ciro waya. Ta kira Fiddausi, ta yi ta ringi ba a ɗauka ba. Dokar filin harbi ce, waya a jaka take zama. Ta kira Kaftin Reem mai horar da su, wayarta a kashe. Ƙarfe goma sha ɗaya ake fara harbi, agogo ya nuna saura minti biyar.

Ta bar takardar a kan kanta ta fito da gudu. Mikrobas, ƙaramin bas ɗin haya da ta faɗa, ya yi tafiyar minti goma ya cije a cunkoso, direba na ta danna oda ba amfani. Ta sake kira, ta sake kira. Ba abin da take gani sai yadda Fiddausi ke manna tsirkiya a hanci, idonta na dama a buɗe tar, ita da ke kwana kan littattafan likitanci. Wata tsohuwa a gefenta ta ga leɓunanta na motsi, ta dafa mata gwiwa. Fauziyya ta miƙa kuɗin mota ta dire a tsakiyar titi, ta ratsa motoci, takalminta ɗaya ya tsinke ta riƙe shi a hannu.

Tun daga ƙofar kulob ta san ta makara. Babu mai harbi ko ɗaya. 'Yan mata sun yi cirko-cirko, rabin reshe shuɗi na kwance a ciyawa.

Fiddausi na zaune a benci, Kaftin Reem ta danne mata gefen fuska da tawul da ya jiƙe da jini har ya ɗiga kan hijabinta.

"Idon!" Fauziyya ta ce. "Kaftin, idon fa?"

"Ban sani ba tukuna. Yalla, maza riƙe ta, mu je mota."

A asibiti aka yi ɗinki biyar a saman gira. Fatar idon ta kumbura ta rufe ruf. Likita ya buɗe ta da yatsu biyu ya haska, Fauziyya na tsaye jikin bango. Ya ɗaga hannu ya tambayi Fiddausi yatsu nawa take gani.

Ta ƙura wa hannun ido.

"Uku," in ji Fiddausi. "Amma dishi-dishi."

Ya ce jini ya ɗan taru a ciki, ta kwanta da kai a sama, a dawo bayan kwana biyu, sannan zai iya cewa wani abu.

A tasi suna komawa, Fiddausi ta lalubo hannunta.

"Kada ki faɗa wa Umma tukuna."

"In ta kira fa?"

"Ki ce ina barci."

Ba su kai gida ba wayar Fiddausi ta fara ƙara a cinyar Fauziyya, lambar Umma daga Funtuwa. Ta zuba mata ido har ta katse, ta sake shigowa.