Ku Bari Ta Ƙarasa

Babu mai cewa "ƙarasa" a gidan nan yanzu. Abin da na rasa ke nan, Malam. Masu zuwa gaisuwa suna ta lissafa mani: manomi ya tafi, mai cefane ya tafi. Duk gaskiya ne. Amma ni kalmar nan ce take mani ƙara a kunne. Yaro ya ɗauko magana, babba ya daka mashi tsawa, sai ka ɗaga hannu, tuwo a yatsunka: "A'a, ku bari ya ƙarasa."

Ga wake a faifai ina tsincewa, ga wayar 'yarmu Rauda a kan cinyata. Ta ajiye mani ta tafi ɗibar ruwa. "Inna, ki saurari abin da Baffa ya ce, ke za ki ba shi amsa." Ni? Ni da ke cikin takaba, muryata ma ba a son ta wuce zaure?

Na saurara. Yaya Sodangi, yayanka, a zauren zumunci na waya, inda duk dangi ke ji, na Kaikai da na Kankia har da na Legas. Wai yarinya ta zubar mana da mutunci a fesbuk. Dole ta goge abin da ta rubuta. Karatu kuma, jami'ar kusa za ta, inda idonsa zai kai. "Ita Maimunatu ai ba ta da ta cewa, na san za ta ce to."

To. Haka ne. Tun da aka kawo ni gidan nan "to" nake cewa. Kai ne kawai in na ce to, sai ka tsaya ka dube ni... "To ɗin nan naki da saura, Munatu. Ƙarasa."

Me ta rubuta ma? Ta karanta mani, don ni firamare na tsaya, kafin in haɗa layi ɗaya wayar ta yi duhu. Kwalbatin hanyarmu. Ruwa ya cinye shi tun farkon damina. Macijin da ya sare ka a gonar gero, da motar da ta iso bakin kwalbati ta juya, ta zagaya, ta zagaya... ƙafarka a kan cinyata tana kumbura, nan inda wayar take yanzu. Kana cewa in gaya wa Rauda — in gaya mata me? Ba ka ƙarasa ba. Kai da kanka.

Shi ne ta ɗauki hoton kwalbatin ta sa. Ta ce ubana bai kai asibiti ba, ga dalili. Ta ce an cinye kuɗin aikin. Sai duniya ta taso. Wasu na Allah ya jiƙansa, wasu na wa ya aike ki, 'yar talakawa. Wani har da cewa za a zo a ɗauke ta. Kuma ana ɗauka, Malam, ba ƙarya ba ne. Yaya Sodangi ba mugu ba ne, tsoro yake ji. Shi ya shiga kabari ya karɓe ka. Ni ma tsoron nake ji, in babur ya tsaya a ƙofar gida sai in leƙa in ga ko ita aka zo ɗauka.

Wannan ƙwayar ƙwari sun huda ta. Waccan ma.

Ta ci jarrabawa, ka sani? Ba ka sani ba, sakamakon bayanka ya fito. Makinta ya isa ta shiga ta kusa, ya isa ta shiga ta nesa, waccan da sai an wuni a mota. Gobe mai shagon kwamfuta na Kankia zai cika mata zaɓin ƙarshe, in an danna an danna. Kowa da nasa ma'auni. Yaya Sodangi, kusa. Maƙwabta, wacce ta fi suna. Ƙawayenta, wacce ta fi dogayen benaye a hoto. Ni ina zan san jami'a? Ko ƙofarta ban taɓa gani ba. Amma na san gero. Irin da ya yi kyau a Yashe ka kawo shi gonarmu ta jigawa ya ƙi, kai ka ce mani ba laifin iri ba ne, ba laifin ƙasa ba, ba su dace ba ne kawai.

Ta shiga zaurukan waya na masu neman shiga, duka biyun. A na kusa wani ya gane sunanta. "Ba ke ce mai kwalbati ba?" Ta fara ba da amsa, sai mai kula da zauren ya kulle, shi kaɗai ke iya magana. Ya ce nan ba wurin surutu ba ne. Wataƙila mutum ɗaya ne mai gajen haƙuri, ba makarantar ba. Wataƙila. Ba zan ɗauki alhakinsu ba.

A na nesa ma an gane ta. Wata malama ce a ciki, Malama Zinariya, ta saki saƙon murya. Rauda ta kunna mani ina tankaɗe. Ba ta lallashe ta ba fa. Cewa ta yi: "Rauda, Allah ya jiƙan mahaifinki. Kwalbati ya karye, wannan kin gani da idonki. An cinye kuɗi, wannan wa ya gaya maki? Ban yarda da ke ba tukuna. In ba ki da hujja, cire wannan layin, kada ki ɗora wa wani abin da ba ki tabbatar ba. Sauran kuma, ina jin ki. Ƙarasa."

Rariyar ta faɗi daga hannuna. Gari ya watse a ƙasa, kaji suka taho.

Matar ba ta san ka ba. Ba ta taɓa zuwa Kusada ba, ko sunan Kaikai ba na jin ta sani. Ina ta samo kalmarka?

Kuma yarinyar ta cire layin, Malam! Rauda, wadda ko ni ban isa in sa ta janye magana ba. Ta yini tana kumbure-kumbure, sannan ta cire, ta rubuta a ƙasa cewa wannan ban tabbatar ba, ku yafe mani. Hoton kuwa ta bar shi. Jiya samarin gari suka fara tara duwatsu a bakin kwalbatin, na ji ƙarar amalanke daga nan. Ban ce saboda ita ba ne. Ban ce ba saboda ita ba ne.

Tana 'yar shekara nawa ma, ranar da ta tsaya gaban liman ta ce ai hadisin jiya ba haka ya karanta shi ba? Na so ƙasa ta tsage. Kai kana dariya a gemu, kana "bari ta ƙarasa, Liman, in ta yi kuskure ka gyara mata." Ta yi kuskuren kuwa. Ya gyara mata. Har yau in ya gan ta sai ya ce ga malamarsa.

Nesa dai nesa ce. In ta yi zazzaɓi wa zai dama mata kunu? In ta sake rubuta wani abin, aka taso mata, ina Kaikai ina tsintar wake? Ɗakin nan zai yi shiru biyu, naka da nata. Zan iya? Ban sani ba. Amma in na ajiye ta kusa, inda za ta koyi cewa "to" irin nawa... sai in riƙa ganinta kowace Juma'a, ina neman 'yata a fuskarta.

Ta nuna mani wurin dannawa a wayar. Nan, wannan ɗan koren. "Ki danna ki riƙe, Inna, ki yi magana, in kin saki ta tafi." Duk dangi za su ji. Mai takaba ta yi magana a zaure. Yaya Sodangi zai ce — me zai ce? Zan fara da gaishe shi, da godiya, don ya cancanta. Sannan in ce Yaya, ka ce zan ce to. To ɗin da saura.

Na ɗora yatsana a kan koren. Ga motsin bokitinta a zaure, ta dawo.

Ya Allah, ka jiƙan mijina Audi, ka haskaka kabarinsa. Ka tsare bakin Rauda daga ƙarya, ka tsare shi daga tsoro. Ka kai ta inda za a saurare ta, a gyara mata, ta fara ta ƙarasa. Ni kuma ka riƙe mani muryata kada ta karye a tsakiya. Duk wanda ya ji, don Allah ya taya ni da amin, yanzu, kafin in danna.