Ludayin Malam Haladu

Ƙusa ta uku daga bakin ƙofa babu komai a jikinta. Fa'iza ta lura da haka tana ajiye jakarta a ɗakin malamai. A nan ludayin Malam Haladu yake rataye tun tana 'yar aji ɗaya a wannan makarantar kuɗi ta Gummi, tsohon ludayi mai tsaga da aka ɗinke da zare. Yanzu sai shatarsa a bango.

Malaman harsuna suna da al'adarsu. In an tashi tara sai su haɗu a gindin tsamiya, Dija mai nono ta sauke ƙwaryar fura, kowa ya sa ludayinsa. A can Malam Haladu, malamin Hausa, yake rera musu waƙoƙin noma na Bukkuyum, yana kaɗa ludayi kamar fartanya, Fa'iza da ƙawayenta suna leƙe ta tagar aji. Da ta gama jami'a ta dawo koyar da Turanci, shi ya buga mata ƙusar rataye ludayinta da hannunsa. Amma kunya ba ta bar ta ta zauna ƙwarya ɗaya da malaminta ba. A kofi take shan tata, a bayan kabad.

Jiya aka sallami Malam Haladu daga aiki. Ya yi jinyar ƙafa, da ya dawo aka ce an ba darasin kwamfuta lokutansa.

Malama Turai mai koyar da Larabci ta matso kusa da ita. "Kin ji abin da anka yi? Yau kuma Alhaji mai makaranta ya hana zaman tsamiya, wai gulma muka yi can."

"Na ji, Malama."

"To ƙungiya za mu kafa. Mu dai a makarantar ga, ko gasar ƙwallo ta taso lokacin harshe aka ɗauka. Ni ban gama wankan jego ba anka kira ni aji. Kowa ya shiga ofis shi ɗai, shi ɗai za a koro shi. Wanda ya yarda, ya fito da ludayinai tsamiya, Alhaji ya gan mu."

Malam Yahaya, abokin aikinta a Turanci, ya yi dariya. "Bar ta, Turai. 'Yar gida ce. Ko an kori Turancin kansa, ita ba a korar ta."

Fa'iza ta sunkuyar da kai. Mai makarantar, Alhaji Musbahu, ƙanen Innarta ne, kuma shi ya ɗauke ta aiki. Ta san halinsa: wanda ya juya masa baya sau ɗaya ba ya sake shiga ƙofarsa, ko da jininsa ne.

Ana kaɗa ƙararrawar tara ɗakin ya watse. Tana ɗauko kofinta sai ga Alhaji a bakin ƙofa.

"Ɗiyata, albarka gare ki da ba ki bi su ba. Daga gobe ke za ki riƙe sashen harsuna. Innarki za ta ji daɗi."

"To, Kawu."

Ta taga tana hango su. Turai da Yahaya sun zauna a kan saiwa, Dija ta sauke ƙwarya tana waige-waige. Can bayan shinge Malam Haladu ne tsaye riƙe da kekensa, ya rame, bakin ludayi ya leƙo daga aljihun rigarsa. Ba a hana shi hanya ba, ƙofa kawai aka hana shi. Turai ta ɗauki ƙwaryar ta kai bakin shingen, ya miƙo hannu ta tsakanin waya ya ɗiba.

Alhaji yana ta bayanin sabon tebur da za a kawo mata, mai aljihu da makulli.

Fa'iza ta dubi ƙusa ta ƙarshe. Ludayinta yana nan fari fes, bai taɓa shiga fura ba. Ta ajiye kofin a kan kabad, ta sauke ludayin, ta goge ƙurarsa da bakin hijabi. Ta ɗan rusuna kamar yadda ta saba in za ta wuce babba, ta raɓa ta gefen kawunta ta fita.