Muntari Kwalba

Ranar da Hajiya Uwaliya ta aika a kira shi, Muntari mai fenti sai da ya kai bakin titi sannan ya lura takalmin matarsa ne a ƙafarsa. Bai koma ba.

Hajiya ta sayi tsohon otal ɗin nan na hanyar Kabo, wanda aka rufe da zuwan Shari'a, za ta mai da shi shagon kayan masarufi. Kowa a Gwarzo ya san ginin, ko da yake in ka tambaya babu wanda ya taɓa shiga. An san shi ne da kwalbar giyar da ke jikin bangonsa na yamma, koriya shar, ta fi mutum tsawo, raɓa na gangarowa a wuyanta. Muntari ne ya zana ta zamanin ostariti, lokacin da sabulu ma sai an yi layi, kuma mai otal kaɗai ke iya ɗaukar mai fenti. Tun daga nan ya zama Muntari Kwalba, shi da ko warinta bai sani ba. Ya tsayar da gemu, ya koma sahun gaba, a banza. Ranar ɗaurin auren 'yarsa ma sai da mai shela ya ƙara "Kwalba" kafin mutane suka gane ko 'yar wa ake nufi.

"Malam Muntari," in ji Hajiya, "fenti nake so wanda zai ga jikokina. Wannan abar kuma kada in sake ganinta."

"Hajiya, Allah ya ƙara girma, ni na fi ki son ta tafi! Amma fa ƙarkon fenti ba a gwangwani yake ba, a bango yake. Sai na kankare, na wanke, na toshe tsaga, ya bushe ƙayau, sannan a yi maganar launi."

Kashegari ya kafa tsani yana waƙa. Ya bi bango da burushin waya, tsohon fenti na zuba kamar dusa. Ya wanke gansakuka da omo, ya buɗe kowace tsaga ya cika ta da siminti. Kafin azahar masu acaɓa sun yi dafifi, har mai rake ya matso da baronsa, don ba kullum ake jana'izar kwalba ba.

Da ya zo kanta sai burushi ya ƙi ci. Ya sa ƙarfe, ƙarfe ya zame. Ya shafa kananzir, sai ta ƙara sheƙi kamar an yi mata wanka.

"Kwalba, wa ya yi wannan mugun aiki haka?" in ji Jibirin, taubashinsa, daga gindin tsani.

"Wani mai tsoron Allah," in ji Muntari yana haki. Cikinsa kuwa wani daɗi ne ya taso da bai dace da mai gemu ba: shekaru nawa rana da damina, ko ɓawo ba ta yi ba!

"To ka shafe ta kawai mana, bawa. Mu ma ai haka muka yi da namu tarihin."

Aka kwashe da dariya. Muntari ya ce shi ba ya binne gawa da rai. Ya ɗauko guduma da ƙarfe mai kaifi ya shiga sare filastar kanta. Da yake hannun da ya zana ta ne, bai kauce wa layi ko da faɗin farce ba: wuya, kafaɗa, gindi. Da guntun ƙarshe ya faɗo aka yi kabbara. Ya aika garin Garo aka kawo yashi mai laushi, ya yi sabuwar filasta sumul kamar ƙwai, ya yi ta ba ta ruwa safe da yamma, ya hana Hajiya gaggawa har ta bushe. Sannan shafin farko, sannan fenti ruwan madara hannu biyu. Ranar da ya sauke tsani ya ce wa matarsa daga yau sunansa Malam Muntari, ƙwal.

Aka buɗe shago bayan la'asar, da addu'a da dabino. Ana cikin shafa fatiha rana ta karkata ta dallare bangon yamma. Tsohuwar filasta mai kaushi ta shanye hasken, sabuwar mai santsi ta maido shi. Ga ta nan tsaye, wuya, kafaɗa, gindi, cikin ruwan madara.

"La ilaha illallahu," in ji Jibirin, "ta musulunta!"

Muntari ya saci kallon Hajiya. Hajiya ta daɗe tana duban bangon, irin duban da take wa buhu kafin ta taya.

"Wannan za ta goge?"

"Hajiya... sai dai a rushe ginin."

"Madalla. Man gyaɗar da ake kawo min daga Lakwaya a me ake auna shi?"

"A kwalba, Hajiya."

"To hau ka rubuta 'Man Gyaɗa' a ƙasanta, da manyan baƙi."

Kafin Sallah masu shaguna daga Kara har Kabo suna sallama a ƙofar gidansa, kowa na son irin aikin da ba ya fita. Kuma don kada a kai su gidan wani Muntarin, duk cikakken sunan suke faɗa.