Barkono a Teburin Kati

Tun tana 'yar mitsitsiya ake kiranta Barkono. Mahaifinta, wani tsohon kafinta, shi ya raɗa mata sunan ranar da ta wanke wani maƙwabci tas don ya taka mata 'yartsana. Da bakin nan ta girma. An taɓa dakatar da ita daga ƙungiyar mawaƙan coci saboda ta gaya wa mai koyar da su cewa muryarsa kamar ƙofar da ba a sa wa mai ba. Kafinta ya yi mata faɗa a gaban fasto, ya dawo gida ya yi dariya har da hawaye, don ya san inda ta gado halin. Shi ma ba a taka shi a kwana lafiya.

Da ta sami aiki a asibitin ido, a teburin da ake ba da kati, mahaifiyarta ta riƙe baki ta ce, "Wannan aikin ba zai kai ƙarshen wata ba." Amma shekara ta zagayo, wata ta biyo, ba a kore ta ba. Abin da iyayenta suka lura da shi kawai, kullum da safe takan tsaya a bakin ƙofa da jaka a kafaɗa, ta sunkuyar da kai, leɓɓanta na motsi, sannan ta fita.

Sai idon kafinta ya fara hazo, har ya yanka katako a karkace. Ya shirya ya tafi asibitin, yana tunanin ai da ɗan gida a ciki.

"Baba, layi za ka bi," in ji ta, tana miƙa masa kati tana murmushi.

Ya bi, yana gunaguni. Nas ta ɗiga masa magani, ta ce ya rufe ido ya jira. Ya zauna a benci kusa da teburin, ba ya ganin komai, sai dai kunne.

Rana ta take, an riga an rufe ba da kati, sai ga wani mutum ya shigo da sauri riƙe da hannun wata tsohuwa, mahaifiyarsa. Barkono ta fara yi masa bayani, bai bari ta ƙarasa ba. Ya buga teburin har biro ya faɗi ƙasa.

"Ke wace ce da za ki ce an rufe? Kin zauna kin hakimce kamar asibitin ubanki ne! Da gani ba a koya miki tarbiyya a gidanku ba."

Kafinta ya miƙe tsaye, magani na zubo masa a kumatu, yana lalube. Bai san me zai yi ba, ko ya shaƙe mutumin, ko ya ja shi gefe ya cece shi daga abin da ke zuwa. 

Sai ya ji ƙarar jan kujera, sannan muryar 'yarsa, a hankali.

"Yallaɓai, Mama ta gaji da tsayuwa. Bari ta zauna tukuna. Mama, ga kujerata. Tun yaushe idon yake ciwo?"

Tsohuwar ta ce tun jiya, kamar ana soka mata allura, har da amai. Ɗan nata ya so ya ƙara magana, muryarsa ta karye. "Da safe ta ce ba ta ganina," in ji shi.

Barkono ta ruga ta kira nas, nan da nan aka shige da tsohuwar wajen likita.

Kafinta ya koma ya zauna, ƙirjinsa ya cika fal da alfahari. Ya taɓo na kusa da shi ya ce, "'Yata ce." Ya juya ɗaya gefen ya sake faɗa, da ƙarfi wannan karon. Ba a amsa ba, sai da wata mata ta ce, "Baba, tankin ruwa kake wa magana."

"To, shi ma ya sani," in ji shi.

Bayan likita ya sallame shi, Barkono ta riƙo hannunsa zuwa bakin ƙofa.

"Ba ki ji zafi ba?" ya tambaye ta.

"Na ji mana, Baba. Kunnuwana har suka ɗauki zafi. Amsar tana kan harshena, kuma wallahi mai kyau ce."

"To me ya hana?"

"Kullum ina roƙon Yesu ya riƙe mini baki har sai na dubi fuskar mutum. Da na dube shi, sai na ga tsoro ne ya cika shi. Kuma kada ka ɗauka na gama. Makon jiya bakin ya ƙwace mini, sai da na bi wata mata har titi ina ba ta haƙuri."

Suna tsaye sai ga mutumin ya fito da makullin mota a hannu. An kwantar da mahaifiyarsa, zai je ya kawo mata kaya. Ya tsaya gaban Barkono yana sosa ƙeya.

"'Yar'uwa, ki yafe mini."

"Ya wuce, yallaɓai. Allah ya ba Mama lafiya. Ga ma mahaifina, ku gaisa."

Mutumin ya dubi tsohon, ya tuna abin da ya faɗa, sai ya durƙusa a wurin. Ya roƙi a bar shi ya kai Baba gida, tunda idon bai gama washewa ba.

Kafinta ya lalubo kafaɗar mutumin ya ɗaga shi.

"Tashi, ɗana. Mu tafi."

Ya shige gaban mota ya miƙe ƙafa. Tun kafin su hau titi ya fara ba shi labarin 'yarsa, kuma har suka iso ƙofar gida bai kai ƙarshe ba, dole mutumin ya kashe mota ya saurari sauran.