Akwatunan Zaɓe Arba'in

Shekara talatin da ɗaya akwatunan zaɓe arba'in suka yi a ɗakin baya na gidan Kafinta. Turawan mulki ne suka sa shi ya haɗa su, wata biyu kafin su tafi. Suka ce da an sauke tutarsu za a yi zaɓe. Aka sauke tuta, suka danƙa makullan ofis a hannun kwamandan sojan da su suka horar da shi, suka hau jirgi. Ba wanda ya zo ɗaukar akwatuna.

Duk shekara sai ya fito da su ya shafa musu mai saboda gara. Yanzu ɗansa zai yi aure, ɗakin ake so.

Ƙaninsa, tsohon malamin makaranta, ya tarar da shi yana jera su a tsakar gida.

"Yaya, har yau jiran Bature kake? Da gangan suka yi. Wanda zai bar musu ma'adinai suka ɗora a kujera."

"Sun tafi tun kana da gashi a kai, Malam. Wa ya ɗaure mana hannu bayan nan?"

"Bindiga."

"Kai ka koya wa yara waƙar yabon mutumin. Bindiga aka ɗora maka?"

"'Ya'ya shida aka ɗora mini. Kai da ka fi kowa zuciya me ka yi? Shafa wa katako mai."

Washegari Kafinta ya ɗora akwatuna biyu a baro ya tura har ofishin hukumar zaɓe. Allon sunan na nan a ƙofa. Ciki kuwa hotunan Shugaba ne jibge, sun kusa taɓa rufi.

Akawun ofishin ya ƙwanƙwasa akwati da ɗan yatsa.

"Baba, ba mu da wurin ajiye wannan. Amma katakon na da kyau. Firam ɗari biyu na saka hoto za ka yi mana da shi, za a rataye hotunan nan a makarantu."

Kafin Kafinta ya buɗe baki, akawu ya rubuta sunansa da unguwarsu. A ƙasar nan, wanda aka rubuta sunansa ba ya cewa a'a.

Ba ƙusa ko ɗaya a jikin akwatunan. Haɗin haƙori ya yi musu, don kada wani ya buɗe a ɓoye ya cusa ƙuri'a. Saboda haka ba sa kwancuwa, sai da zarto.

Ya ɗora na farko a benci. Malam ya zo ya tsaya, ya kama masa gefe ɗaya.

"Riƙe da kyau," in ji Kafinta, "kada fuskar mutumin ta karkace."